Amshin Da Ɗanasabe Yake Jira

Tudun Wada,
Jihar Kano.
Oktoba, 1994.

Zuwa ga ƙanwata Tasalla,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mainasara da yara gaba ɗaya. Allah ya tsare ku, ya ba ku haƙurin zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan muna nan yadda kika bar mu, sai tsufa da ya ƙaru. Matata Rabi tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa gona ba, in na yi magana ta ce zaman da nake yi ya ishe mu mu biyu. Damina ta yi kyau bana, mun cire masara, dawa kuma ta yi kai. Taki ne dai muka ji labarinsa a rediyo, ba mu gan shi da ido ba. Ni kuwa ina ƙofar gida, ina kallon yaran da na koya wa riƙe fensir suna wucewa a mota suna ɗago mini yatsu biyu. Tun da aka sallame ni daga aikin hedimasta ba wanda ya sake neman shawarata, ni ma na daina bayarwa. Saboda haka in kin ga na ɗauki alƙalami na cika takarda, ki san ba marmarin hira ya kama ni ba.

Amsar da kika aiko wa ƙanenmu Ɗanasabe ta iso, ni ya kawo wa na karanta masa, kin san karatunsa bai wuce na littafin waƙoƙi ba. Kin ce hanya ta yi nisa, mai ya yi wuya, yara suna makaranta, don haka za ki rera amshin a kaset ki ba direba ya kawo, shi kuma ya ɗora muryarsa a kai. Ban ga laifinki ba, domin bai gaya miki abin da ya sa ya kira ki ba. Ni zan gaya miki, ko da zai daina gaishe ni. Ɗanasabe ba shi da lafiya. Wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Likita a Zariya ya ce sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci, ya kuma faɗa masa a fili cewa bayan aikin magana ma sai da ƙyar, waƙa kuwa ya cire ta daga ransa. Ƙanenki ya yi godiya, ya ɗauki hularsa, muka fito. A bakin ƙofa ya ce mini ba mai sa masa wuƙa a wuya sai ya sake ɗaukar waƙar marigayiya matarsa Barakatu yadda ya yi ta tun asali, kuma ba zai ɗauka ba sai da ke. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira shi da sunayen da ban taɓa kiran ɗan makaranta da su ba. Yana nan a kan bakansa, ƙarin kuma ba ya jiran kowa.

Na san za ki ce wannan wane irin taurin kai ne a kan waƙa ɗaya. Kin san farkon labarin, amma sauran ya faru ne bayan tafiyarki, kuma zuwan da kika yi na rasuwar Inna ba lokacin irin wannan zance ba ne. Shi ba zai faɗa ba, to bari ni in faɗa.

Kin tuna garayar Baba. Da ita ya yi wa maharba da 'yan bori kiɗa kafin ya karɓi bishara, ranar da aka yi masa baftisma kuma ya rataye ta a rufin ɗaki ya ce bai yarda da hannunsa ba. Ni aka tura makarantar mishan, daga can kwalejin horon malamai, ina tafe da takalmi ina zaton sunana ne zai fita daga gidan nan. Ɗanasabe kuwa ya hau turmi ya sauko da garayar, ya fara zuba mata labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Ayuba, da na mai shuka, ke kina kaɗa masa gora kina amsawa. Da ya kai ta majami'a dattawa suka tare ƙofa, suka ce tsirkiyar da ta kira iskoki ba za ta shiga ɗakin Allah ba. Jitar da Turawa suka kawo kuwa an karɓe ta hannu biyu, ba wanda ya tambayi abin da ta taɓa kira a ƙasarsu. Bai yi gardama ba. Ya koma gindin tsamiyar da ke waje, in an tashi sujada ya fara tasa, ya bi gayya, ya bi zaman makoki, ba ƙungiya, ba fasto a bayansa, ba mai ɗaukar nauyinsa.

Sai daminar da Barakatu ta rasu wajen haihuwar Kyauta. Ya yi watanni bai taɓa garaya ba, ranar da ya taɓa kuma wannan waƙar ce ta fito. Ban manta yadda take tafiya ba, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya a ka yana ratsa taɓo. Yana roƙon Yesu ya riƙe masa ita har ya zo, ke kina amsa masa cewa tana hannunsa. Tsakanin baitinsa da amshinki akwai wani shiru da ba ya ƙirguwa, sai ya ja numfashi ya sunkuyar da kai sannan ki shigo. Habu direba, maƙwabcinmu, da ya ji ta ta kan katanga, shi ya kawo rakodarsa ya ce ko shi da ba addininsa ba ne bai yarda wannan ta bi iska ba. Batir ɗin da ke ciki ya gaji, sai aka yi abin da kowa yake yi a ƙauye, aka shanya shi a rana a kan rufin rumbu har ya yi zafi, aka mayar. Kuka shiga ɗakin Inna, aka kori kaji, aka rufe ƙofa da tabarma. Da aka gama aka juya kaset muka saurara, komai daidai, har Inna ta fita waje don kada mu ga fuskarta. Ba wanda ya kawo a ransa cewa batir ɗin da ya ja kaset a gajiye wajen ɗauka shi ne ya sake jan sa a gajiye wajen saurare, shi ya sa muka ji daidai.

Ba da jimawa ba kuka tashi zuwa Fatakwal. Shi kuma ya ɗauki kaset ɗin, ƙwaya ɗaya tak da yake da shi, ya kai wa Mudi mai shagon kaset a Kwanar Dangora don ya kwafa masa kaɗan ya raba wa dangi. Mudi yana da janareto. Da ya sa kaset a injinsa mai cikakken ƙarfi, sai ga wata 'yar siririyar murya kamar ta budurwa, garaya tana gudu kamar an biyo ta, shirun nan da ke tsakaninku ya ɓace, ke kuma kin koma kamar tsuntsuwa. Ɗanasabe ya ce wannan ba shi ba ne, a ba shi abinsa. Mudi ya nuna masa bakin shago, ga 'yan kamasho da masu sayar da rake sun fara taka rawa, ya ce masa wai ai Allah ne ya gyara masa waƙa, ya yi godiya kawai. Ya ce ya dawo ran kasuwa. Kafin ran kasuwa kaset ya kai Zariya da Kano a cikin motoci, ba suna a jikinsa sai abin da Mudi ya rubuta da biro, wai kiɗan garaya na bishara. Ni na zaunar da ƙanenki na bayyana masa yadda aka yi, da zane a ƙasa. Sau ɗaya ke nan ilimin da na sha wahalarsa ya yi wa gidanmu amfani, shi ma bayan ɓarna ta gama.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Zumuntar mata ta majami'a suka ɗauki waƙar daga kaset, suka sa mata ganga da tulu, ta zama waƙar baiko, wadda ake rerawa in ana kai sadaka gaba. Dattawan nan da suka tare masa ƙofa, da idona na ga suna rangaji da ita zuwa gaban bagade, suna murmushi, babbar riga tana kaɗawa. Ba wanda ya taka zuwa gindin tsamiya ya ce masa ya yi haƙuri. Daga wannan Lahadi ban sake shiga ba, kuma ban ga an zo nemana ba. Ana rawa da ita a biki, direbobi suna sa ta don kada barci ya ɗauke su, yara suna tsalle da ita a filin makaranta. Waƙar da mutum ya yi a kan kabarin matarsa ke nan.

Shi kansa bai tsira ba. An taɓa gayyatar sa babban taron ekklesiyoyi a Doguwa, aka sanar cewa ga mai waƙar nan ya zo. Da ya miƙe da gemunsa da muryarsa mai kauri, sai aka fara leƙe bayansa ana tambaya ina yarinyar. Ya fara ta a hankali yadda take, mutane suka yi ta tafi suna jan sa gaba, da ya ƙi bin su wata tsohuwa ta tashi ta ce wannan ƙato ya ji tsoron Allah ya bar wa 'yar mutane waƙarta. Ya naɗe garayarsa a zane ya hau keke. Habu har yau Amarya yake kiran sa, in ya gan shi ya ce wai ina aka baro muryar, ko miji ya hana. Daga bakinsa kaɗai Ɗanasabe yake jin wannan tsokanar ya yi dariya, don ya san wanda ya kawo rakodar ya fi kowa jin ciwon abin.

Kada ki ɗauka ya zauna. Shekarar da ya samu gyaɗa sosai ya tafi wani situdiyo a Jos. Yaron da ke wurin ya ce ya matse murya ta koma irin ta kaset na farko, ya sa masa gangar inji, ya ce garayar a rage ta don tana da ƙauyanci. Ƙanenki ya ce shi ba zai kwaikwayi gajiyar batir ba, ya dawo da kaset ɗin da ko shi ba ya saurare. Daga nan ya koma ɗakin Inna da sabon batir, yana ɗauka da kansa, yana kai wa wani mai kwafa a Zariya, ya ɗaure kwali a bayan keke ya bi kasuwanni, Badafi, Kiru, Bebeji, har ƙauyukan gindin dutse ta wajen Doguwa. Akwai na Yusufu, akwai na Ayuba, akwai wanda ya yi wa manoma shekarar fari, wanda har Fulanin da ke mashekari a bayan gonarmu suna da shi. Waƙoƙi ne masu kyau, Tasalla, ni da ba na yabon komai nake gaya miki. Amma duk wanda ya tsaya gaban kekensa sai ya juya kaset ya tambaya ko akwai mai saurin nan. Da ya yarda ya ɗauke ta a kwalinsa da yanzu ya yi rufin kwano. Bai taɓa ɗauka ba. Kullum cewa yake in Tasalla ta zo gida ta zauna za a gyara, akwai lokaci.

Da likita ya yi maganarsa, ni na fara cewa a nemi wata ta yi amshin, mata ba su ƙare a Tudun Wada ba. Rabi ta tara masa waɗanda suka fi murya a zumunta. Ya zaunar da su ya gaya musu ko waƙar wace ce, wasu har da hawaye, suka ce ba su sani ba. Aka fara a hankali, baitin farko lafiya. A na biyu na ga ƙafar Asabe, shugabarsu, ta fara motsi a ƙarƙashin zane. Kafin na uku sun shige gabansa, sun bar shi a baya yana jan numfashi. Aka sake, aka kuma sakewa. Asabe ta rantse ba da gangan ba ne, ta ce bakinta yana jin magana, ƙafar ce ba ta ji. Ba laifinsu ba ne, a kaset suka koya, saurin ya zauna musu a jiki. Duk ƙasar nan ba wanda ya san waƙar kafin ta lalace sai ni da Habu da ke, a cikinmu kuma ke kaɗai ce mai murya.

Shi ya sa shawarar aiko da kaset ba za ta yi ba. Amshin nan ba a kan kiɗa yake sauka ba, a kan numfashinsa yake sauka, numfashin kuwa yanzu ba shi da tsari. Wani baitin ya wuce shi da sauƙi, wani sai ya tsaya ya haɗiye ciwo kafin ya sunkuyar da kai. Sai mai kallon sa, mai iya jira. Kaset ba ya jira, kuma ina ganin gidan nan ya ga abin da ya ishe shi daga kaset ɗin da aka ba wani ya kai.

Na gaya masa gaskiyata, kin san ba na iya ɓoye ta. Na ce ko mala'iku ne suka yi masa amshi duniya ba za ta saki mai saurin ba, kwafin Mudi zai binne mu duka ana rawa da shi, mutanenmu kuma ba sa son abin da zai sa su zauna shiru. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi ma ya sani, ba don kasuwa yake so ba. Ya ce Kyauta ta girma, ta iya waƙar kamar kowa, tana taka ta a zumuntar matasa, kuma har yau ba ta san ta uwarta ce ba. Ranar da matan suka zo ma aiken ta ya yi gidan kakarta ta wajen uwa, ya roƙe su su kama bakinsu. Ya kasa gaya mata, don ba ya so ta tuna duk rawar da ta yi ta ji kunya. Yana so ta fara jin ta gaskiyar, da muryar ubanta da ta gwaggonta, sannan ya yi mata bayani da bakinsa tun yana da bakin. Kaset ɗaya a akwatin yarinyar, ya ce, ya ishe shi. A nan na ajiye gardama, abin da ba ya yawan faruwa da ni.

Ga yadda muka tsara. Akwai wani mutum a Zariya mai ɗakin ɗaukar murya, ya yarda ba zai ƙara ko ƙararrawa ba, ni kuma zan zauna kusa da injin in sa masa ido. Habu zai kai mu da motarsa da safe, don da safe muryar ta fi fita, in rana ta take sai ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Daga ɗakin nan sai asibiti, ba za a biyo gida ba. Ɗanasabe ya dafa Littafi Mai Tsarki a gabana ya yi wannan alkawari. Abin da ya rage ke ce. Ki karanta wa Mainasara wannan takarda, ki ce ni Maikano ina roƙon arzikinsa ya ba mu aron ki, ya san ban taɓa roƙon sa komai ba. In hidimar hanya ce, dawa ta kusa shiga rumbu, za a san yadda za a yi. Kada ki tsaya sayen tsaraba, kada ki jira hutun Kirsimeti. Ki sauka a Kwanar Dangora ki tambayi Habu a tasha, kowa ya san shi.

Jiya da safe ya zo nan ya zauna a kan tabarmata da garayar, ya ce zai gwada ya ga abin da ya rage. Ya ɗauki baitin farko, muryar ta fita, ta dushe amma ta kai. Ya ja numfashi, ya sunkuyar da kai, ya jira. Shirun ya yi tsawo har na kasa zama a cikinsa. Sai na ji bakina ya buɗe, ni da na yi shekaru ban rera ko Amin ba, na amsa masa da wannan murya tawa ta tsohon jaki cewa tana hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Rabi ta kawo ruwa da gudu. Da ya samu kansa ya ce Yaya, kai ma ka yi sauri. Bai iya ɗaukar baiti na biyu ba.

Rabi tana gaishe ki ƙwarai, ta ce ta gyara miki ɗakin Inna. Kyauta tana gaida gwaggonta, ita dai an ce mata kina tafe ganin gida. Habu ya ce a gaida 'yar amshin Amarya. Ki gaida Mainasara da kyau, ki shafa mini kan yara, ki ce kawunsu mai faɗa yana nan bai mutu ba. Ɗanasabe bai san na rubuta ba, don haka ba gaisuwarsa a nan, sai ki zo ki karɓa daga bakinsa tun ana jin ta. Allah ya kawo ki lafiya, ya kiyaye hanya.

Ni ne yayanki,
Maikano.